James Castle (1899–1977): Kurman da Ya Mayar da Kunkunniya Tawada

Gabatarwa

Idan ana lissafin mashahuran masu zane na ƙasar Amurka a ƙarni na ashirin, a yau akan ambaci sunan James Castle, alhali kuwa a zamanin rayuwarsa ko a jiharsu ta Idaho ba kowa ya san da zamansa ba. Kurma ne tun daga haihuwa, bai yi magana da baki ba har ya koma ga Mahaliccinsa, bai kuma taɓa zama gaban wani gwani ya koyi zane ba. Duk da haka ya yi kusan shekara saba'in yana zane da ɗinka littattafai, ya bar ayyuka dubbai waɗanda manyan gidajen adana kayan fasaha suke alfahari da mallakarsu. An kawo tarihinsa a nan ne saboda wani ɗan yanki na rayuwar tasa da ya shafi duk mai shirin riƙe alli, wato shekara biyar da ya yi a makaranta, wadda aka ɗauka ya fito daga cikinta kamar yadda ya shiga.

Haihuwarsa da Gidan da Ya Tashi

An haifi James Castle ranar 25 ga watan Satumba, 1899, a Garden Valley, wani kwari mai 'yan gidajen manoma a tsakanin duwatsun jihar Idaho da ke arewa maso yammacin Amurka. Bakwaini ne, kuma shi ne na biyar a cikin 'ya'ya bakwai. Iyayensa manoma ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma ce. Ban da noma, gidansu shi ne gidan wayar ƙauyen, a nan kuma suke da ɗan kantin sayar da kayan masarufi.

Wannan batu na gidan waya ba ƙaramin abu ba ne a tarihin yaron. Duk wasiƙar da za ta shigo kwarin ko ta fita, sai ta bi ta ɗakinsu. Ya buɗe ido ya tarar da ambulan da kan sarki da tambarin gidan waya, da jaridu da kalandu, da littattafan tallar kaya masu cike da hotuna, da kwalayen da aka zazzage kayan kanti daga cikinsu. Labarin duniya da sauran yara suke samu ta kunne, shi ta ido ya same shi, kuma a kan takarda. Tun yana ƙarami ya fara tsintar irin waɗannan takardu da aka yar yana zane a bayansu, bai kuma bar wannan ɗabi'a ba har tsufansa.

Shekara Biyar a Gooding

A shekarar 1910 aka kai shi makarantar kurame da makafi ta jihar Idaho da ke garin Gooding, tafiyar fiye da kilomita 200 daga gida. Makarantar kwana ce. Akwai yayarsa mace wadda ciwo ya kurmantar tana ƙarama, ita ma a can ta yi karatu. Ya zauna a makarantar har 1915.

Kafin a fahimci abin da ya same shi a can, wajibi ne a koma baya kaɗan. A shekarar 1880 an yi wani babban taro na masu koyar da kurame a birnin Milan na ƙasar Italiya. Mahalarta taron kusan dukansu masu ji ne, suka kuma yanke shawarar cewa koyar da kurma furuci da baki ya fi koyar da shi da maganar hannu. Wannan ra'ayi ya bazu a Turai da Amurka, ta yadda zuwa 1919 kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai kurame a Amurka ana koyar da su ne ba tare da maganar hannu ba. A ƙarƙashin wannan tsari, aikin yaro shi ne ya zura wa leɓen malami ido ya cinki abin da yake faɗa, ya ɗora hannu a maƙogwaron malamin ya ji motsin murya, sannan ya dubi madubi ya yi ta ƙoƙarin fitar da sautin da bai taɓa ji ba. Yaron da ya kurmance bayan ya riga ya iya magana yana iya cin moriyar wannan hanya, domin akwai sautin da yake tunawa. Wanda aka haifa kurma kuwa, kamar an ce masa ya siffanta ɗanɗanon abincin da bai taɓa sa wa a baka ba ne. A irin wannan zamani James ya shiga aji, yana ɗan shekara goma da 'yan watanni, ba shi da wani harshe sai 'yan alamun da suke yi da mutanen gidansu.

Ya koma gida bai iya furuci ba, bai kuma iya karatu da rubutu yadda aka saba ba. Masana tarihinsa sun yi saɓani a kan ko ya tsinci wani abu na maganar hannu daga abokan karatunsa, da kuma iyakar abin da yake ganewa idan ya dubi rubutu. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, bisa ma'aunin wancan lokaci, an lissafa shi cikin waɗanda karatu bai karɓe su ba.

To, a nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi nazari. Wannan yaro da aka ce karatu bai karɓe shi ba, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana hidima da haruffa. A cikin abin da ya bari akwai shafuka masu ɗimbin yawa na baƙaƙe da wasula a jere, wasu daidai yadda suke, wasu ya juya su, wasu ya haɗa rabin wannan da rabin wancan ya fitar da sabon harafi wanda babu shi a abacada. Akwai jerin lambobi, akwai kalandu da ya tsara da kansa. Ya ɗinka littattafai masu yawan gaske, wasu ba su fi gidan ashana girma ba, kowanne da bangonsa, da shafukansa masu hoto a wuri guda da layukan da ke wakiltar rubutu a wani wurin, kamar dai yadda maɗaba'a take shirya littafi. Wanda ya yi wannan ya san cewa littafi yana da gaba da baya, ya san rubutu yana tafiya a kan layi, ya san harafi alama ce da ake iya warwarewa a sake ƙullawa. Duk malamin da ya taɓa koyar da 'yan aji ɗaya ya san cewa waɗannan su ne matakan farko na karatu, kuma ba kowane yaro mai ji yake kama su da wuri ba. Ashe ke nan kan yana ja. Abin da aka rasa shi ne harshen da za a bi a isa gare shi. Makaranta ta sa ido a kan bakinsa, alhali amsar tana fitowa ta hannunsa.

Ba a faɗi wannan don a ɗora wa malamansa laifin mugunta ba. Sun yi aiki ne da abin da manyan masanan zamaninsu suka tabbatar musu shi ne daidai. Sai a 1960 ne wani masanin harshe, William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu ta kuramen Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. Haka nan binciken da Constanze Schmaling ta yi a Kano, wanda aka buga a shekarar 2000, ya bayyana tsarin maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa a matsayin harshe mai zaman kansa. Shi kuwa taron masu koyar da kurame na duniya, sai a 2010, a zamansa na birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ya fito fili ya yi watsi da shawarar Milan. Shekara 130 ke nan, kuma a tsakaninsu yara nawa aka sallama da sunan ba su da ƙwaƙwalwa?

Kayan Aikinsa da Abin da Yake Zanawa

Tawadar Castle ita ce abin da ya fi jan hankalin mutane. Yakan kankaro kunkunniya daga murhun itacen da ake ɗumama ɗaki da shi, ya kwaɓa ta da yawunsa, ya feƙe tsinke ya riƙa tsomawa yana ja. Inda yake son inuwa sai ya dunƙule tsumma ko takarda ya goga. Wanda ya yi karatun allo ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya san yadda ake haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, a feƙe alƙalami daga gamba. Bambancin shi ne Castle babu wanda ya gwada masa. Idan kuma yana son launi, sai ya jiƙa takarda mai launi ya matse ruwanta, ya shafa. Ko bayan da ya yi suna aka riƙa kawo masa kayan zane na kanti, bai rabu da kunkunniyarsa ba. Dalili kuwa a bayyane yake ga wanda ya ga aikin: tawadar tana ba da baƙi mai taushi, daga mai duhu ƙirin har zuwa toka-toka mai kama da hazo, irin wanda fensir ba ya bayarwa.

Takardarsa kuma duk abin da aka yar ne: bayan ambulan, kwalin ashana da aka buɗe, kwalin kayan abinci, takardar talla, har da tsofaffin takardun makaranta na yaran gidan. Kullum yakan duba kwandon shara kafin a zubar.

Me yake zanawa? Mafi yawa abin da ke kewaye da shi ne: cikin ɗaki da murhu da gado, ƙofa a buɗe ana hango wani ɗakin ta cikinta, rumbun ciyawa, shinge, turakun waya a bakin hanya, fili da gidaje can nesa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda ya ƙware a dabarar nuna kusa da nesa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, yadda layukan daɓe da na rufi suke tafiya su haɗu a wuri guda, dabarar da ake shafe watanni ana koya wa ɗaliban zane. Yakan zana ɗaki guda daga wannan kusurwa, ya koma ya zana shi daga waccan, kamar mai kewaya ɗakin da idonsa. Bayan iyalinsa sun bar Garden Valley, ya ci gaba da zana gidansu na can daga ƙwaƙwalwa shekaru da dama, ƙofa da taga kowacce a mazauninta.

Mutanen da ke cikin zanensa kuwa dabam suke. Sau da yawa a sandare suke, kai mai kusurwa huɗu, wasu ba hannuwa, a jere kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Wasu manazarta suna ganin wannan hoton yadda mutane suke ne ga wanda ba ya jin su: suna nan a gabansa, amma a rufe. Fassara ce mai daɗin ji, sai dai a riƙe ta da sassauci, domin mai aikin bai sa wa ko ɗaya suna ba, bai rubuta kwanan wata ba, bai kuma bar bayani ba. Ban da zane, yakan yanka kwali ya ninka, ya ɗinke da zare ko kirtani, ya fitar da siffar tsuntsu ko riga ko kujera ko mutum.

Akwai wani rukuni na zanensa da ya cancanci a daɗe a kansa. A cikinsu ya zana cikin ɗakin da yake aiki, amma an jera ayyukansa a bango layi-layi, littattafansa a kan katako, mutanensa na kwali a tsaye a gefe kamar 'yan kallo. Wato ya shirya baje kolin aikinsa da kansa, ya kuma zana baje kolin. Wannan ya rushe zaton da akan yi cewa irin waɗannan mutane suna zane ne kawai don rage lokaci, ba su damu da a gani ba. Mutumin ya san abin da yake yi aiki ne, ya kuma so a gani. Yakan nuna wa mutanen gida da baƙi. Sauran kuma yakan ɗaure su dami-dami da kirtani, ko ya sa a akwatin kwali da ya ɗinka, ya ɓoye a saman rufi da cikin bango da rumbuna.

Zamansa Cikin Iyali

A shekarun 1920 iyalin suka koma garin Star, inda mahaifinsa ya rasu, sannan a 1931 suka koma wani gida mai ɗan fili a gefen birnin Boise, hedikwatar jihar. A nan ya yi sauran shekara 46 na rayuwarsa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1948, ƙanwarsa da mijinta suka ci gaba da riƙe shi tare da 'ya'yansu. Bai yi aure ba.

A wancan zamani a Amurka, abu ne da aka saba a kai mai irin wannan lalura gidan da gwamnati ta tanada, a rufe shi a can har mutuwa. Iyalin Castle ba su yi haka ba. Sun bar shi a cikinsu, ba su matsa masa da aikin gona ba, ga shi kuwa gidan manoma ne inda kowane hannu yake da amfani. Sun bar masa lokacinsa da tarkacensa. Ba don haka ba, da babu abin da za a rubuta a wannan babi. Amma kada a ƙawata labarin fiye da kima. Kusan shekara talatin a wani ɗan ɗakin katako da ke bayan gida yake kwana yake aiki, kuma hirarsa da mutanen gidan ba ta wuce 'yan alamu na yau da kullum ba. An ciyar da shi, an tufatar da shi, an ƙaunace shi, amma babu wanda zai iya tambayarsa me yake nufi da harafin da ya ƙirƙira, ya kuma fahimci amsar. Zama cikin mutane mataki ne, samun abokin zance kuma wani matakin ne, shi kuwa na farkon ya samu.

Fitowarsa Fili

A shekarun 1950 wani ɗan 'yar'uwarsa da ke karatun zane a birnin Portland na jihar Oregon ya zo hutu, ya dubi abin da kawunsa yake yi da idon wanda ya shiga aji, ya gane cewa wannan ba wasa ba ne. Ya ɗebi wasu ya kai wa malamansa. Daga nan aka fara nuna aikin a yankin, aka kuma fara saye. Gidan nuna zane na Boise ya shirya masa baje koli a 1963, ya sake yin wani a 1976. Da kuɗin da aka samu iyalin suka saya masa ɗan ƙaramin gida irin wanda ake ja da mota, aka kafa shi a filin gidan, ya bar ɗakin katako ya koma can.

A daidai waɗannan shekaru ne masana fasaha a Turai suke ta muhawara a kan ayyukan mutanen da ba su bi ta makarantar zane ba. Tun a 1922 wani likitan ƙwaƙwalwa a Jamus, Hans Prinzhorn, ya buga littafi a kan zanen majinyatan asibitocin masu taɓin hankali. A tsakiyar shekarun 1940 mai zanen nan na Faransa, Jean Dubuffet, ya fara tara irin waɗannan ayyuka, ya kira su da sunan da ke nufin ɗanyar fasaha, wato wadda ba a dafa ta a tukunyar makaranta ba. Abin da ya tara yana birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, inda aka buɗe masa gida a 1976. A 1972 kuma wani masani ɗan Ingila, Roger Cardinal, ya fito da laƙabin da ya fi yaɗuwa, wanda za a iya fassarawa da fasahar 'yan bayan fage. Ƙarƙashin wannan laƙabi aka tara majinyata da fursunoni da masu naƙasa iri-iri da tsofaffin da suka fara zane da rana tsaka.

Laƙabin ya yi amfani, domin ya buɗe wa waɗannan ayyuka kasuwa da ƙofar gidajen nuni. Amma yana da illa, kuma tarihin Castle ya fito da ita sarai. Bayan wane fage yake? Mutumin da ya tashi a gidan waya, ya yi ta kwaikwayon hotunan jarida da tambarin kamfanoni da tsarin kalanda, yana tsakiyar al'adar zamaninsa ne tsundum. Daɗin daɗawa, laƙabin yakan sa mai kallo ya fara tambayar lalurar mai zanen kafin ya dubi zanen, har yabo ya rikiɗe ya koma tausayi. Malami ma yakan faɗa wannan rami, ya yaba wa yaro mai naƙasa a kan ɗan abin da bai kai a yaba ba, ya hana shi gyaran da zai ba ɗan'uwansa, yana ganin alheri ya yi masa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

James Castle ya rasu a Boise a watan Oktoba na 1977, yana da shekara 78. Bayan rasuwarsa iyalin suka adana ayyukan, aka yi kusan shekara ashirin ba a jin ɗuriyarsu. A 1998 aka kai wasu kasuwar baje kolin fasahar 'yan bayan fage da ake yi a birnin Niyok, sunansa ya tashi. A 2008 gidan adana kayan fasaha na Filadelfiya ya shirya babban nuni na aikin rayuwarsa. A 2011 aka yi wani a gidan Reina Sofía da ke Madrid ta ƙasar Sifen, a 2013 kuma aka sa shi a babban baje kolin birnin Venis na Italiya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka yi digiri a fannin. A wannan shekarar ce gidan adana fasahar Amurka na Smithsonian da ke Washington ya mallaki ayyukansa 54.

Hukumar birnin Boise ta sayi gidan da ya zauna a 2015, ta gyara shi, ta buɗe shi ga jama'a a 2018, da ɗakin nuni da masaukin masu zane da ke zuwa su zauna su yi aiki na ɗan lokaci. Ana cikin gyaran ne, a 2016, ma'aikata suka buɗe wani bango, suka tarar da ayyukansa goma sha ɗaya a ciki, inda ya cusa su da hannunsa, kusan shekara arba'in bayan an binne shi.